Burgami Mai Jan Maho

Wanda ya laƙaba wa mutumin nan suna Maiwada, Allah ya yafe masa, don ya yi wa mutanen Ƙarfi ƙarya da rana tsaka. Mutumin kirki ne, ba ya zagi, ba ya ɗauke-ɗauke, ga fara'a, amma tun da ya kafa gida bai taɓa cin dawar shekarar da yake ciki ba. Kullum ta baɗi yake ci. Da damina ta yi tsakiya, rumbu ya koma gidan ɓeraye, sai ya tafi kasuwar Bakori ya ci falle, wato ya karɓi kuɗin wuri a hannu da alkawarin in kaka ta yi zai biya da dammunan dawa. Kaka na yi, masu falle su zo su kwashe rabin abin da ya noma tun a gona, shi kuwa ya tsaya a bakin kunya yana yi musu sannu da aiki.

Abu ɗaya ya mallaka da bashi bai taɓa shafa ba, shi ne baƙin jakinsa Duna. Uwar jakin ta mutu yana ɗan kwana ashirin, Maiwada ya raine shi da kunu a ludayi har ya miƙe. Duna ne ke dakon audugar mutane da hatsinsu zuwa Bakori da Danja da Malumfashi, kuma ladan dakon nan ne gishirin gidan da daddawarsa. Maiwada na iya kwana da yunwa yana dariya, amma in Duna ya ƙi cin dusa sai ka ga mutum ya zauna jugum kamar an aiko masa da rasuwa.

Matarsa Lauratu kuwa ita ce ta hana gidan rushewa. Da ɗan ƙoƙo take auna dawar tuwo, ta shafe bakinsa da yatsa, ƙwayar da ta faɗi ƙasa ta bi ta ta tsince. Daga hantsi zuwa la'asar tana kaɗi, har babban yatsanta ya yi kanta. Maiwada ya san tana ɓoye kuɗin zare. Ya laluba jinka, ya leƙa ƙarƙashin gado, ya zura hannu a tsofaffin tuluna har kunama ta gaishe shi sau ɗaya, bai ga ko wuri ba. Shekararsu tara da aure. Haihuwa ɗaya ta yi, yaron bai kai yaye ba ya koma. A wannan shekara ga ta da ciki wata bakwai, kowa a gidan na tafiya a hankali.

Ran nan da safe ta kira shi ta miƙa masa ƙullin tsumma.

"Malam, tunda Bakori za ka, ga wuri ɗari huɗu ka kai gidan Hansai. Auren ɗanta ake yi, ni kuma ka ga halin da nake ciki, ba na iya tafiyar."

Hansai ƙawarta ce tun suna 'yan mata, tana auren wani mai rini a Bakori, a kulle take, kuma kowa ya san akwai abin hannu, ko da yake ba wanda ya san ta inda yake shigowa. Maiwada ya jinjina ƙullin, ya ji nauyin gishirin wata guda.

"Ɗari huɗu, Laure? Mu da ke auna tuwo da ƙoƙo?"

"Biki ne ai. Ranar sunan marigayi ɗari biyu ta kawo mini, dole in kai ninki. In Allah ya sauke ni lafiya ita kuma ta kawo ɗari takwas. Haka ake yi, abin da aka kawo miki ki rama ninkinsa, sai dai fa in..."

Bai ji ƙarshen maganar ba. Tun daga kalmar ninki kunnensa ya toshe, yatsunsa suka fara motsi. Shekara tara yana zaune da rijiyar kuɗi a cikin gidansa, mata sun rufe ta da faifai suna wasa da ɗari biyu da ɗari huɗu! Ka zuba ɗaya ka ɗebi biyu, ba fari, ba gwazarma, ba noma. Ya ɗaura wa Duna akumari ya kama hanya, yana tafe yana yi wa jakin bayani, don a ganinsa duk Ƙarfi ba mai fahimtarsa kamar shi.

A kasuwa ya wuce kai tsaye rumfar Ɗanasabe, dillalin hatsi, wanda a hannunsa yake cin falle.

"Dubu biyar?" in ji Ɗanasabe. "Maiwada, dami takwas na bara har yau ina kallon hanya."

"Wannan ba falle ba ne. Aro ne na wata biyu. Washegarin sunan gidana ka zo ka karɓi abinka cif."

"Ni fa ba ni da ko wuri, ɗan aike ne ni. Kuɗin na masu shi ne, kuma mai shi ba ya ba da irin wannan sai da jingina."

Yana faɗa yana kallon Duna, wanda ke tsaye yana korar ƙuda da wutsiya. Maiwada ya ji kamar ya ja jakinsa ya tafi. Da ya tafi ɗin da ba mu sami labari ba.

"Duna fa ya fi dubu goma sha biyu."

"To kada ka bari ya tafi a dubu biyar," in ji Ɗanasabe.

Aka kira shaidu biyu. Ɗanasabe ya shiga gari, ya ɗan jima, ya dawo da burgamin fatar akuya mai jan maho a gindi. Suka zube wurin a kan buzu suka ƙirga biyar-biyar har dubu biyar, aka mayar cikin burgamin. Maiwada ya ɗaure bakin da kansa, ya aza wa Duna, bai zame ko'ina ba sai ƙofar gidan mai rini, inda ake ta kiɗan ƙwarya. Ya yi sallama, wata dattijuwa mai suna Inno, gwaggon Hansai, ta fito. Ya sauke mata burgamin a gabanta, ya gyara murya.

"Daga Lauratu ta Ƙarfi. Ta ce a yi haƙuri, ba yawa."

Inno ta dubi burgamin, ta dube shi, ta sake duban burgamin, ta ce, "Madalla. Lallai ba yawa." Shi kuwa ya ɗauka nauyin kyautar ne ya ɗaure mata baki. Ɗari huɗun Lauratu suna aljihunsa. Ya ga zuba su a kan dubu biyar ɓarna ce, wa zai lura? Ya ci balangu, ya saya wa Duna dusa, sauran suka bi iska kafin ya kai gida.

Wata biyun nan Maiwada ya yi su yana tafiya kamar mai fatake goma a hanya. Lissafinsa a fili yake: dubu goma za ta zo, biyar ta Ɗanasabe, biyar tasa. To mutum ya zauna yana kallon dubu biyar ɗinsa tana tahowa bai taɓa ta ba? Ya je rugar Buba ya kamo rago mai ƙaho na dubu biyu da ɗari biyar. Ya karɓi goro na dubu da ɗari biyu wurin Rabe. Ya sa Mati masaƙi ya haɗa masa rigar saƙi, ita ma dubu da ɗari biyu, don bai kamata uban jariri ya fito da taguwa mai ido a kafaɗa ba. Duk bashi ne, kowannensu Maiwada ya ce masa, "Ranar suna da hantsi." Da ya haɗa ya ga saura wuri ɗari, sai ya yaba wa kansa, ya ce tattali dai a jininsa yake.

A tsakanin nan Inno ta zo duba Lauratu sau ɗaya. Suka shige ɗaka suka daɗe suna ƙus-ƙus, can ya ji salati, can kuma ya ji dariya. Bayan ta tafi Lauratu ta kawo masa tuwo, ta tsaya a kansa.

"Malam, ka dai kai saƙona ran nan?"

"Hannu da hannu."

"To, Allah ya saka."

Ta faɗe shi a hankali, tana kallonsa har ya kai loma uku. Ya ce a ransa mata ba su iya godiya ba sai da ido.

Allah ya sauke Lauratu lafiya, ta sami 'ya mace. Ranar suna da sassafe aka yi addu'a, aka raɗa mata Rabi, aka yanka ragon Buba, aka raba goron Rabe, Maiwada na ta shawagi cikin rigar Mati yana karɓar barka. Farin cikinsa na gaske ne, wannan kam ba za a ƙwace masa ba, don sau uku yana zagayawa bayan rumbu ya share ido. Hantsi na yi mutane suka watse, aka bar mutum uku zaune a zaure, sun miƙe ƙafa, ba su da niyyar zuwa ko'ina. Da wani maroƙi da ya ji ƙanshin rabo ya maƙale a bakin ƙofa.

Sai ga Inno ta ɓullo da kaya a ka. Maiwada ya tare ta tun daga nesa. Burgami ɗaya ne. Ya leƙa bayanta ko akwai mai ɗauke da na biyu, ba kowa sai akuyar maƙwabta. Ta sauke a tsakar zaure, ga jan maho, ga ƙullin da ya yi da hannunsa ko kwance shi ba a yi ba.

"In ji Hansai, a ba Lauratu. Ta ce a yi haƙuri, ba yawa."

Aka zube aka ƙirga. Ya ce a sake, aka sake. Dubu biyar, ba ƙarin wuri ɗaya. Labari ya shiga cikin gida, sai ya ji mata sun ɗauki salati, wata na cewa, "An yanke biki! Hansai ta yanke biki!" Nan ne Rabe mai goro, wanda ke da mata da 'yan'uwa mata da yawa, ya ƙarasa masa maganar da bai tsaya ya ji ba wata biyu da suka wuce. Ninki ba dole ba ne. In abin ya yi wa mace nauyi, ko ta ga an zo mata da wasa, sai ta mayar da daidai abin da aka kawo, shi ke nan an rabu ba bashi.

"Kai ba ka sani ba?" in ji Rabe. "Yarinya mai tallan fura ma ta san wannan."

Yana magana yana jan nasa kason gabansa. Maiwada ya shiga roƙo. Ya ce wa Buba ya yi masa wata ɗaya, Buba ya nuna fatar ragonsa da ke shanye a kan danga, ya ce shi bai ga alamar zai tashi ba. Ya ce wa Rabe mako biyu, Rabe ya ce goron na bakin mutanen Ƙarfi, in zai iya tattaro shi to. Ya kama wuyan riga zai tuɓe wa Mati, Mati ya nuna masa inda romo ya ɗiga a gaba. Kafin azahar an share buzu. Wuri ɗarin da ya rage, ribar tattalinsa, maroƙi ya wasa shi da Maiwada ɗan Maiwada, mai ba da dubu kamar ɗaya, a gaban jama'a, kunya ta sa ya miƙa. Inno ta naɗe burgaminta ta shige wurin mata.

Washegari da hantsi Ɗanasabe ya zo da shaidunsa biyu. Ba a yi gardama ba, don ba abin da za a yi gardama a kai. Ya kwance igiya daga turke ya ja, Duna ya kafe ƙafafu. Ya ja, shaidu suka tura, jaki ya ce bai san zancen ba. A ƙarshe Ɗanasabe ya share gumi ya ce, "Maiwada, sai dai ka fitar mana da shi." Haka aka yi. Maiwada ya kama igiyar, ya yi ɗan tsakin da yake yi masa tun yana shan kunu, Duna ya biyo shi salin-alin har bayan gari, ya ɗauka kasuwa za su. A gindin wata ɗorawa Maiwada ya miƙa igiyar, ya juyo da sauri. Jakin ya yi kuka sau biyu, bai waiwaya ba, amma har ya kai gida yana jin kukan a kunnensa. Wannan rana kam na tausaya masa, duk da shi ya jawo wa kansa.

Kwana uku ba ya fita. Yakan ɗebi dusa da safe, sai ya isa turke ya tuna. Ga kunyar Lauratu, wadda ya raba da ƙawar ƙuruciyarta, ko ƙofar ɗakinta ba ya iya kallo. Abin da ya fi damunsa ma shirun da ta yi. Ana ta hidimar wankan jego, ba ta ce masa kanzil ba.

Rana ta huɗu yana zaune a zaure ya ji kukan da ko cikin jakuna ɗari zai gane. Ya fito a guje har hularsa ta faɗi. Ga Inno riƙe da igiya, ga Duna. Ya rungume wuyan jakin yana sambatu, yana sa wa Ɗanasabe albarka, da Hansai, da mai rini, da duk Bakori.

"Sassauta," in ji Inno. "Ka san kuɗin wa ka ara?"

"Na wani mai shi, in ji Ɗanasabe."

"Na Hansai ne. Rabin fallen da ake ci a kasuwar nan nata ne, tana ɗaka tana juya shi. Burgamin nan ita ta yi masa maho da hannunta. Ya fita gidanmu da hantsi a matsayin bashi, ya dawo kafin azahar a matsayin gudummawa. Ɗan nan, ko mazubi ba ka iya sakewa ba? Ta yi dariya har sai da aka ba ta ruwa."

Maiwada ya ja Duna cikin gida don ya sami abin yi da hannunsa. A tsakar gida ya ga an kawar da dutsen niƙa gefe, ga rami a inda yake, ga tsohuwar tukunya a kife. Shekara da shekaru yana wuce dutsen nan safe da yamma. Ko'ina ya bincika ban da nan, don wurin aiki ne. Lauratu na zaune a ƙofar ɗakinta da jaririya a cinya.

"Bikina da Hansai yana nan, Malam. Naka ta yanke. Ɗari takwas ɗina ta aiko a asirce, ta ce ɗari huɗun da suka ɓata a hanya ta ɗauka sun iso. Na haɗa da dubu huɗu da ɗari biyu na zare, kaɗin shekara huɗu, na fanshi jakin a yadda ya tafi."

"Allah ya yi miki albarka, Laure! Wallahi daga yau..."

"Ba naka ba ne."

Ya tsaya da igiya a hannu.

"Ba nawa ba ne kuma. Na ba Rabi, a gaban liman da shaidun Ɗanasabe. Ba a jinginar da shi, ba a cin falle a kansa. In kana son dako da shi, haya za ka yi. Wuri arba'in kowace kasuwa, a cikin ƙoƙon nan, kafin a kwance igiya."

Maiwada ya yi dariya, ya duba ko wani zai taya shi, Inno ta kau da kai tana gyara ɗankwali. Ya durƙusa kusa da matarsa, ya sassauta murya irin yadda yake yi a rumfar Ɗanasabe.

"To ai ba damuwa. Gobe kasuwar Danja, in na dawo sai in..."

"Mai jakin ba ta ba da bashi. Ga ta nan, tambaye ta."

Ya dubi Rabi. Tana barci, ta dunƙule hannuwa biyu gam, kamar wadda aka riga aka gaya wa halin ubanta. Lauratu ba ta ɗaga murya ba, amma idonta ya kawo ruwa.

"Ka ci ta bana, ka ci ta baɗi, na yi shiru don cikinmu ne mu biyu. Shekara takwas ina roƙon Allah yarinyar nan, ta zo ta tarar an cinye mata kaka biyu tun ba ta buɗe ido ba. Ba za a ci ta uku ba, Malam."

Duk dabarun da ke bakinsa, waɗanda suka yi aiki a kan dillalai da makiyaya da masaƙa, ya laluba bai sami wadda zai faɗa wa 'yar kwana goma sha biyu ba. Ya tashi ya shiga ɗakinsa, ya fito sanye da tsohuwar taguwa mai ido a kafaɗa, rigar saƙi a naɗe a hammata. Mati ya karɓe ta a rabin kuɗi saboda romon, bai rage masa ko wuri ba.

Da ya dawo ya zube ɗari shidan a gaban Lauratu. Ta ware ɗari huɗu ba tare da ta tambaye shi ba, ta ce na balangu ne. Daga sauran ya ƙirga arba'in, biyar-biyar, cikin ƙoƙon awon tuwo, ya ajiye a kusa da kan jaririyar. Inno ta ce a sake ƙirgawa, aka sake, aka tarar talatin da tara ne. Ya rantse kuskure ne, kuma mai yiwuwa kuskuren ne. Ya cika ɗayan.

Washegari ya ɗaura wa Duna akumari, ya tsaya a ƙofar ɗaki ya yi gyaran murya.

"A gaya wa mai jaki mun tafi."

"Ta ce a dawo mata da shi kafin la'asar," in ji Lauratu daga ciki, "kuma kada a yi masa lodi fiye da ƙima."